Ɗan Takur da littafin da ya bari a Kano

Duk wanda ya yi zaman Takur a Dutse a farkon shekarun 2000 ya san irin shagunan nan na hayar kaset: ɗan ɗaki guda, da benci a ƙofa, da ƙaramar talabijin a kan kanta, ga fastocin 'yan fim an liƙe bango da su har ba a ganin fenti. A ɗaya daga cikinsu ne wani saurayi ya samu aikin tsaron shago bayan ya gama sakandare a 2001. Aikin ba wani mai wuya ba ne. Ya rubuta sunan wanda ya ɗauki kaset, ya karɓi naira 20, in an dawo da shi ya mai da zaren farko, in kan bidiyo ya yi datti ya goge. 'Yan majalisar bencin suna kiransa "Marubuci" don tsokana, saboda kullum da biro a bayan kunnensa, kuma ba a gama kallon fim bai ce da shi ne da ba haka zai ƙare shi ba.

Zaman shagon nan ya koya masa abin da masu shirya fim da yawa ba su samu damar ji ba, wato bakin 'yan kallo. Lokacin Sangaya da Wasila sun gama tashe, kowa ya koma soyayyar mutum uku da waƙa a cikin fulawa. Yara za su dawo da kaset su ce, "Wai in ji Umma a canza mata, wannan tun daga tsakiya ta san ƙarshensa." Wata kuma ta aiko a ba ta "mai sa kuka". Yana jin duk wannan yana ajiyewa a ransa. Ya kuma karanta a mujallu cewa marubuta na cikin waɗanda suka kafa harkar tun farko. Marigayi Aminu Hassan Yakasai yana cikin waɗanda suka tsaya aka yi Turmin Danya a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim a 1994, Bala Anas Babinlata ya yi haka da Tsuntsu Mai Wayo, sannan a 1998 aka yi fim da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Sai ya ce wa kansa, to in haka ne ai shi ma da gadonsa a gidan.

Labarin da ya rubuta bai je ko'ina ya ɗauko shi ba, a ƙofar gida ya tsince shi. Ran 27 ga Agusta, 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Jihar Kano, aka ce Dutse ce babban birni. Ma'aikata suka taso daga Kano da iyalansu, gidan haya ya yi wuya, gonakin da ba wanda ya damu da su suka zama filoti, filoti ya zama kuɗi. Ita kanta Takur a wannan guguwar ta cika ta batse. Yana yaro ya sha jin manya suna zancen 'yan'uwan da suka daina gaisawa a kan gona. Don haka ya ƙirƙiro wata marainiya da mahaifinta ya mutu ya bar mata gonar dabino, baffanta ya haɗa baki da shaidun zur ya sayar, har ranar da wata tsohuwa ta fito da takardar gonar daga cikin tsohon adudunta. Wata bakwai ya yi yana rubutu da daddare, da fitilar ƙwai in an ɗauke wuta, har ya cika littafi mai falle 80 gaba da baya.

Mutum ɗaya ya karanta wa farkon labarin, yayarsa da ke aure a Garu. Ita ce kuma da ta ji yana so ya kai shi Kano ta jawo shi ɗaki ta kwance bakin zani.

"Auta, ga dubu uku nan, kwasar adashina ce, keken ɗinki nake tara wa. In sun saya ka biya ni. In ba su saya ba, ka dawo min da littafin in ji yadda aka ƙare da baffan nan."

"In sha Allahu za su saya, Yaya."

A 2003 ne. Ya hau mota ta bi da su ta Gaya da Wudil, ya sauka gidan wani kawunsa a Unguwa Uku. Kwana uku yana zarya tsakanin ofisoshin 'yan fim, daga titin Gidan Zu zuwa cikin gari, amsar duk iri ɗaya ce: "Oga yana lokeshin." Ya ga 'yan wasan da a fasta kawai ya san su suna wucewa ta gabansa, ya ga 'yan mata da samari sun yi layi suna neman a sa su a fim ko da fitowa ɗaya ce. Abin da ya ba shi mamaki, cikin masu layin nan bai ga wani mai riƙe da takarda irin tasa ba.

A rana ta huɗu wani yaron ofis ya tausaya masa ya shigar da shi wurin wani furodusa. Mutumin yana cin gyaɗa, waya biyu a gabansa, ga wasu mutum uku a zaune a kan kafet.

"Ɗan Jigawa, me ka kawo mana? Dabino?"

Aka yi dariya. Shi ma ya yi yaƙe, ya miƙa littafin da hannu biyu.

"Labari ne, Alhaji."

"Wa zai karanta wannan duka? Ba ni a baki."

Ya fara tun daga ranar da aka haifi yarinyar. Ya yi kusan minti arba'in yana zuba, yana kwaikwayon muryar baffa, yana kwaikwayon ta tsohuwa. Tun ana amsa waya ana katse shi har aka daina, ɗakin ya yi tsit. Da ya kai wajen adudu sai ɗaya daga cikin na kan kafet ya ce, "Kai!" Furodusan ya kakkaɓe hannu ya yi masa tambaya uku: ina saurayin yarinyar, ina waƙa za ta shiga, kuma wa zai kai 'yan wasa har Dutse saboda dabino? Ko ɗaya bai da amsarta, don bai taɓa tunaninsu ba. Daga ƙarshe mutumin ya zaro naira 500 ya ce ya hau mota, ya bar littafin a duba, za a neme shi.

A ƙasan benen akwai mai fotokwafi. Ya ma tsaya da safe ya tambaya, aka ce naira biyar shafi. Ya lissafa shafi 160 ya ga naira 800, ya ce wannan ɓarnar kuɗin Yaya ce. Har yau in ya tuna da ɗari takwas ɗin nan sai ya girgiza kai.

Ya koma Dutse ya ce wa Yaya suna dubawa. Wata ɗaya, wata biyu. Duk Juma'a sai ya je wajen masu waya a ƙarƙashin lema ya biya kuɗi ya kira lambar da aka ba shi, ko dai ta ƙi shiga ko a ce Oga yana lokeshin. 'Yan benci suka samu abin yi: "Marubuci, yaushe za mu ga sunanka ne?"

A 2004 maigidansa ya dawo daga sari a Kano da sababbin kasusuwa, ya zube masa ya ce ya sa musu lamba. Da dare bayan ya rufe shago sai ya sa ɗaya don ya san abin da zai gaya wa masu haya. Minti goma da farawa ya tashi zaune. Ga marainiya, ga baffa, ga shaidun zur. Gonar dabino ta koma kamfani, Dutse ta koma wani ƙaton gida mai bene, an ƙaro saurayi ɗan gayu da waƙa uku. Amma tsohuwar tana nan, kuma daga cikin adudu ta fito da takardar. Ya mai da zaren baya ya karanta sunaye a hankali, har na mai kawo abinci ya gani. A wajen da aka rubuta "Labari", sunan furodusan ne.

Washegari da hannunsa ya riƙa ba da hayar fim ɗin, naira ashirin-ashirin, yana rubuta sunayen masu ɗauka. Fim ɗin ya karɓu a unguwa, har sai da maigidan ya ƙaro kwafi biyu. Matan da ke aiko yara da ƙorafi, wannan karon cewa suka yi a ajiye musu na biyu in ya fito. Bayan kwana huɗu Yaya ta aiko a kira shi. Ta kalle shi ta ce, "Auta, wannan ba shi ne ka karanta min farkonsa ba?" Ya sunkuyar da kai. Ba ta yi maganar dubu uku ba, kuma rashin yin maganar ya fi masa ciwo.

Ya ranci kuɗin mota ya koma Kano da niyyar a yi wacce za a yi. Ya tarar ofis ɗin ya tashi, mai sayar da katin waya ne a ciki. Yana ta yawo rai a ɓace har ya faɗa wajen masu sayar da littattafan Hausa a kasuwar Sabon Gari. A nan ya tarar da wani dattijon marubuci ya zo karɓar kuɗin littattafansa, aka ce ya jira. Zaman jira ya haɗa su a benci ɗaya, saurayin ya kwashe komai ya faɗa masa.

"Samari, kana da kwafi?"

"Babu, Malam."

"Akwai wanda ya ga lokacin da ka ba shi, wanda ba yaronsa ba?"

"Babu."

"To ka yi haƙuri. An cuce ka, ba na musu. Amma rikicin gado ba kai ka ƙirƙiro shi ba, a kowace zuriya akwai baffa irin wannan. Abin da yake naka shi ne yadda ka tsara shi a takarda, ita kuma takardar ka ba da kyauta har da godiya."

Maganar dattijon ta yi daidai da doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, tsohuwar da kuma sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, tana kare aikin da aka riga aka rubuta ko aka naɗa ne, ba ta kare tunanin da ke cikin kai ko zancen baki. Wanda ya rubuta abu ya zama nasa tun daga lokacin, ba sai ya yi rajista ba, amma ran da aka yi jayayya sai ya nuna shaidar cewa shi ya fara rubutawa.

Dattijon bai tsaya nan ba, ya warware masa yadda kasuwar take a wancan zamanin. Furodusa in ya gama fim, uwar kaset yake kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata, su ne ke gurzawa, shi kuma ya sayar musu da kwalin da za a sa kaset ɗin a ciki. Yawan kwalin da suka ɗauka shi ne cinikinsa. Su kuwa 'yan kasuwa tambayarsu biyu ce, fuskar wa ke kan kwali, kuma wace waƙa ce a tirela. Shi ya sa kuɗin jarumi da na mawaƙi ke zuwa a gaba, na labari a can ƙarshe, in ma an tuna da shi. Finafinai da yawa ba a rubuta su ba sam, a lokeshin darakta zai ce wa ɗan wasa ga abin da ya faru, ka faɗi abin da ya zo bakinka. Wasu kuma fim ɗin Indiya za a kalla a sauya masa riga.

"Tambayoyin nan uku da ya yi maka," in ji dattijon, "ba rainin hankali ba ne duka. Mutum ne zai zuba kuɗinsa, tsoron asara yake. Kai ka je masa da labari, shi kuma lissafi yake so ya ji."

Kafin a kira shi karɓar kuɗinsa, ya karɓi biron bayan kunnen saurayin ya rubuta masa abubuwa a bayan wata takardar rasit. Na farko, ya iya faɗin labarinsa cikin numfashi biyu: wace ce, me take so, wa ya tare ta. In mai saye ya nemi ƙari, ya ba shi shafi ɗaya, ya riƙe sauran. Na biyu, ya daina rubuta fim kamar littafi, ya raba shi fitowa-fitowa, kowace da lamba, da wurin da za a yi ta, da dare ne ko rana, da waɗanda ke ciki, da abin da kowa zai ce. Wannan shi ake kira sikirif. Na uku, ya ƙirga 'yan wasa nawa, gida nawa, kwana nawa za a yi ana ɗauka, domin labarin da ke buƙatar gida uku ya fi saurin samun mai saye a kan mai buƙatar gari uku. Na huɗu, kada takarda ta bar hannunsa sai yana da kwafi, kuma wani babba ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafin. Na biyar, ciniki a rubuce, da shaidu, da maganar suna a jikin fim.

Ya dawo Takur da rasit ɗin nan a aljihu. Bencin da ake tsokanarsa ya mai da shi wurin gwaji. Zai jefa labari cikin magana biyu ya yi shiru. In wani ya ce "sai aka yi yaya?" ya san da abu a ciki, in aka koma hirar ƙwallo ya san babu. Labari huɗu suka mutu a kan bencin kafin na biyar ya tsira, labarin wani masinja a sakatariya da ya tsinci takardar da za ta tona asirin maigidansa, ga shi kuma maigidan ne ke biya wa 'yarsa kuɗin makaranta. Ya rubuta shi fitowa 62, 'yan wasa tara, gida biyu da ofis ɗaya. Ya kai wa tsohon malaminsu na Hausa ya karanta ya sa hannu. Wannan karon bai ji ƙyashin kuɗin fotokwafi ba.

A 2005 ya sayar wa wani ƙaramin furodusa, shi ma sabon shiga ne, wanda kuɗinsa ba su kai ya ɗauki manyan jarumai ba, don haka dole ya jingina da labari. Sun yi ciniki naira 15,000 a kan takardar fulsikaf, shaidu biyu, dubu goma a hannu, biyar in fim ya fito. Furodusan ya ce sai an sa waƙa biyu. Ya yarda, amma ya roƙi a bar shi ya zaɓi inda za su shiga don kada su yanke labarin a gaɓa. Aka ce a sauya ƙarshen a yi aure, a nan ya tirje, aka yi ta ja har aka bar masa. Dubu biyar ɗin nan har yau ba ta zo ba, kuma da fim ɗin ya fito an rubuta sunansa da kuskuren harafi ɗaya. Duk da haka ran da kaset ɗin ya iso Takur, sau shida 'yan benci suka sa a mai da zare baya don a sake ganin sunan. Daga ranar "Marubuci" ta daina zama tsokana.

Ya kai wa Yaya dubu ukunta a ambulan. Ta riga ta sayi kekenta da wani adashin. Ta karɓa ta sa albarka, sannan ta ce, "To littafin fa? Ni na fim ɗinsu ban yarda da shi ba, naka nake so in ji." Ya ce zai sake rubuta mata. Aka yi ta shekaru ana wannan alkawari, duk Sallah sai ta tuna masa.

Harkar kuwa ta yi ta juyawa. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da shirya fim a 2007, ba a dawo ba sai a farkon 2008, kuma cikin sababbin ƙa'idojin har da gabatar da rubutaccen labari kafin a fita ɗauka. 'Yan fim sun sha wuya a lokacin, wasu suka koma Kaduna da Jos, amma mai iya rubuta sikirif ya samu masu nemansa. Kaset ya ba sidi wuri, sidi ma satar fasaha da masu tura fim a waya suka karya kasuwarsa, shagon Takur ya koma wajen cajin waya. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta zo da Daɗin Kowa, daga baya aka yi Kwana Casa'in a 2019 da Labarina na Aminu Saira a 2020, wasu kuma suka koma YouTube. Fim mai dogon zango ba ya yiwuwa da "faɗi abin da ya zo bakinka", don duk mako sai an san inda aka tsaya da inda za a dosa. Marubuta irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih da Yakubu M. Kumo sun zama sunayen da 'yan kallo suka sani. Mata masu rubutu kuma sun samu wata ƙofar a gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016.

Shi dai ɗan Takur bai yi kuɗi da rubutu ba, bai kuma koma Kano da zama ba. Ya yi karatun koyarwa, yana koyar da Hausa a wata makaranta a Dutse, yana rubutu da daddare, wani a saya wani a ƙi. Yara masu sha'awar fim sukan turo masa saƙon murya ta WhatsApp, minti ashirin, minti talatin, su ce ya ji ya haɗa su da furodusa. Amsarsa ɗaya ce: kada su sake tura wa kowa, su zauna su rubuta, su aika wa kansu kwafi ta imel don kwanan wata ya zauna, sannan su zo su faɗa masa cikin numfashi biyu. Da yawa ba sa dawowa. 'Yan kaɗan da suka dawo, yakan zauna da su har dare.

Sai a 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu, ya cika alkawarin Yaya. Ya sayi littafi mai falle 80 ya sake rubuta labarin gonar dabino daga abin da ya rage a kansa. Ya yi fotokwafi biyu kafin ya hau babur ya nufi Garu. Ta sa tabarau, ta yi kwana uku tana karantawa, sannan ta aiko jikanta ya kira shi.

"Auta, na gama. Shekara goma sha bakwai ina jira, ashe yafe wa baffan ta yi?"

"Haka na ga ya fi, Yaya."

"Ni ban gani ba. Mutum ya ci gonar marainiya ya tashi da istigfari kawai? Ko dabino ɗaya bai biya ba fa."

Ya yi dariya, ya laluba bayan kunnensa ya zaro biro, ya ce ta miƙo littafin ta faɗa masa daga wane shafi ne abin ya fara ɓata mata rai.